Mara Lafiyarku Gari Ne

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban shekarar ƙarshe na wata kwalejin koyon aikin lafiya



Malam shugaban taro, malamai abokan aiki, da ku 'ya'yana ɗalibai da kuke shirin fita fagen aiki. An ce in yi magana a kan muhimman kalmomin da ake aiki da su a fannin lafiyar jama'a da bunƙasa lafiya. Na san kun haddace su, don ba wanda zai kai shekarar ƙarshe a makarantar nan bai haddace ba. Saboda haka ba bita zan yi muku ba. Zan ɗauki kaɗan daga ciki, waɗanda na ga an fi yi wa riƙon sakainar kashi, in nuna muku inda kowace ta fito, da abin da ya faru a wuraren da aka gane ta da wuraren da aka kasa.

Mu fara da wanda za ku yi wa aiki. Likita idan ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya, mutum ɗaya ne a gabansa, kuma da ƙafarsa ya zo, ko ɗauko shi aka yi. Ku kuwa mara lafiyarku gari ne, ko gunduma, ko ƙaramar hukuma sukutum, kuma mafi yawan mutanen cikinta ba sa jin ciwon komai, ba su kuma gayyace ku ba. Kakanninku sun san dubagari na zamanin En'e, mai shiga gida ya leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba masai da kwata, ya je mahauta ya hana sayar da naman da bai yarda da shi ba. Ba a cika son ganinsa ba, don yana sa a ci mutum tara. To gadonsa kuka ci, har da rashin farin jinin. Wanda likita ya yi wa aiki ya warke yakan dawo da godiya, wani lokaci har da zakara. Wanda kuka hana ya kamu da kwalara bai ma san an yi ba.

Ita kanta lafiyar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi mata ma'ana a tsarin mulkinta da aka sa wa hannu a 1946, ya fara aiki ranar 7 ga Afrilu, 1948. A wajenta rashin cuta kaɗai bai isa a ce mutum yana da lafiya ba, sai an haɗa da cikakkiyar walwalar jiki da ta hankali da ta zama da mutane. An daɗe ana sukar wannan ma'ana, ana cewa in dai sai cikakkiya, to babu mai lafiya a doron ƙasa. Sukar tana da gaskiyarta, don mai ciwon suga da ya iya kula da kansa, yana zuwa kasuwa kullum, ba zai yarda a ce masa mara lafiya ba. Amfanin ma'anar dai shi ne ta fitar da zancen lafiya daga harabar asibiti, ta kai shi bakin rijiya da gona da kasuwa. Wannan ya ishe mu a yau.

Tambayar farko da ake koya wa mai wannan aiki ita ce: cikin mutum nawa? A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma. A lokacin manyan likitoci sun tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska ce, wato wari, ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗebo ruwa, sai ya ga kusan duk sun haɗu a famfo guda da ke titin Broad. Ma'aikatan wata masana'antar giya da ke kan titin ba su kamu ba, don ba sa shan ruwan famfon. Wata tsohuwa kuma da ke zaune nesa da unguwar ta mutu, da aka bincika aka ga daga famfon nan ake kai mata ruwa, saboda ɗanɗanonsa take so. Snow ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Wannan shi ne labarin da kowa ya sani, ko da yake annobar ta riga ta fara lafawa kafin a cire hannun, don mutane da yawa sun gudu.

Aikinsa na biyu ne ya fi burge ni. Kamfanoni biyu ne ke ba gidajen kudancin Landan ruwa, bututunsu na bin tituna ɗaya. Na Southwark da Vauxhall yana ɗiba daga kogin Thames a tsakiyar gari, inda ƙazantar birnin ke zuba. Na Lambeth kuwa ya matsa can sama da gari tun 1852. Snow ya ƙirga mamata: 1,263 a gidajen kamfanin farko, 98 a na biyu. Da ya tsaya nan, wani zai ce ai na farkon ya fi yawan gidaje. Sai ya raba da yawan gidajen kowanne, ya samu mutuwa 315 a kowane gida 10,000 na kamfanin farko, 37 kacal a na biyu. Duk wannan kusan shekara 30 kafin Robert Koch ya tabbatar wa duniya ƙwayar cutar kwalara. Saboda haka, 'yata, ranar da shugaban ƙaramar hukuma ya kira ki ya ce an samu yara 40 da ƙyanda a gunduma kaza, 15 a gunduma kaza, a tura ma'aikata ta farkon, kada ki motsa sai kin tambayi yawan yaran kowace gunduma. Ta yiwu 15 ɗin cikin yara 300 ne, 40 ɗin cikin 8,000.

Daga nan aka samu ma'auni biyu da har tsofaffin ma'aikata ke cakuɗawa. Akwai sababbin kamu, wato mutum nawa suka kamu da cuta cikin wani ƙayyadadden lokaci, wata ko shekara. Akwai kuma yawan masu ɗauke da ita, wato mutum nawa ke da cutar a yau, tsohon kamu da sabo. Ku ɗauka randa ce: na farko shi ne ruwan da ake zubawa, na biyu shi ne inda ruwan ya kai a ciki, kuma ta hanya biyu kawai yake raguwa, ko a warke ko a mutu. Ku dubi ƙanjamau. Da magungunan rage kaifinta suka wadata, masu ita suka daina mutuwa kamar da, sai yawan masu ɗauke da ita ya ƙi sauka, a wasu ƙasashe ma ya hau, alhali sababbin kamu raguwa suke yi. Ɗan jaridar da bai san bambancin ba sai ya rubuta cewa shirin ya gaza. Kwalara akasin haka ce. Kwana kaɗan take yi a jiki, don haka ranar da kuka je ƙirga za ku iya tarar da mutum biyar a kwance, bayan ɗari sun kamu a watan.

Sai zaunanniyar cuta da annoba. Annoba ita ce cuta ta wuce adadin da aka saba gani a wani wuri a wani lokaci; in ta ƙetare nahiyoyi kamar korona a 2020, ta zama annobar duniya. Abin da aka saba shi ne ma'auni. Shi ya sa mutum ɗaya mai Ebola da ya sauka a Legas a 2014 ya isa a tashi hankalin ƙasa, amma dubban masu zazzaɓin cizon sauro a Kano cikin watan Satumba ba annoba ba ce a takarda. Zazzaɓin nan yana kashe kimanin mutum 600,000 a duniya duk shekara, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na wannan mutuwa a Nijeriya ake yin ta. Ba a kafa masa kwamitin gaggawa, ba a yi masa jawabi ga 'yan ƙasa, don ya zama ɗan gida, wato zaunanniyar cuta. Kuɗi da hankalin mahukunta abin da ya ba da tsoro suke bi, ku ne za ku riƙa ajiye musu lissafin abin da ya fi kisa a kan tebur.

Rigakafi ya fi magani, kowa ya iya faɗa. Amma a wajen mafi yawan mutane rigakafi allura ce kawai, ko ɗigo a baki. A aikinmu mataki uku ne. Na farko a hana cutar kamawa: allurar, gidan sauro, ruwa mai tsafta, da maganin zazzaɓin da ake raba wa yara gida-gida wata-wata da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi a ƙasashen Sahel tun 2012. Na biyu a gano ta tun ba ta nuna kanta ba, kamar auna hawan jinin mai ciki a wajen awo kafin ta kai ga jijjiga. Na uku, in ta riga ta yi ɓarna, a rage ɓarnar: gashin ƙashi ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ɗinki ga mai yoyon fitsari. Ba zan daɗe a nan ba, yana cikin littattafanku.

Abin da nake so ku gani shi ne ƙarfin matakin farko in an tsaya masa, kuma babu misalin da ya kai kurkunu. Yawancinku ba ku taɓa ganinsa ba, ku tambayi iyayenku. Mutum ya sha ruwan kududdufi ko tafki mai ɗauke da wasu 'yan ƙananan halittu da ido da ƙyar yake gani, a cikinsu kuma akwai 'ya'yan tsutsar. Sai bayan kimanin shekara guda, tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda fata, galibi a ƙafa, da raɗaɗi mai tsanani. Mai ciwon ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba dubban 'ya'yanta a ruwan, a sake sabon lale. A yankinmu da damina take fitowa, daidai lokacin noma, sai ka ga magidanci a kwance makonni ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, gona kuwa ciyawa ta cinye.

Kurkunu ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi, har yau. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Binciken farko da aka yi a Nijeriya daga 1988 zuwa 1989 ya gano sama da mutum 650,000, ta fi kowace ƙasa. Me aka yi? Ƙyallen tace ruwa, da maganin da ake zubawa a tafki ya kashe waɗancan halittu, da rijiyoyin burtsatse, da ɗan sa-kai a kowane ƙauye wanda zai ɗaure wa mai ciwon ƙafa, ya hana shi shiga ruwa, ya rubuta shi a littafi. Cibiyar Carter ta tsaya da kuɗi da dabara, Janar Yakubu Gowon ya riƙa bin gwamnoni da ƙauyuka yana neman a haƙa rijiyoyi. Wadda ta kamu ta ƙarshe a Nijeriya wata mata ce a jihar Enugu, a Nuwamban 2008, kuma a 2013 aka tabbatar wa Nijeriya da Nijar cewa sun rabu da shi. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duk duniya. Abin da ya kawo cikas wajen ƙarasa shi, musamman a Chadi, shi ne an gano tsutsar tana kama karnuka.

Yanzu garkuwar jama'a. Yaro ɗaya mai ƙyanda, in ya shiga cikin waɗanda ba su da kariya, yana iya harbin 12 zuwa 18. Amma in kusan duk yaran da zai gamu da su an yi musu allura, cutar ba ta samun wanda za ta tsallaka kansa, sai ta tsaya a nan. Ta haka jaririn da bai kai wata tara ba, wanda bai isa allurar ba, yake samun kariya daga yayyensa da 'ya'yan maƙwabta. Ga ƙyanda sai an kai kusan kashi 95 cikin 100 kafin garkuwar ta tsaya da ƙafarta, shi ya sa rahoton da ya ce an yi wa kashi 70 ba abin tafi ba ne. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, yawancin waɗanda ya kama ba su samu cikakkiyar rigakafi ba. Wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Rose, ya lura a 1981 da wani abu mai ɗaure kai a irin wannan aiki: matakin da ke kawo wa al'umma babban amfani, ɗan kaɗan kowane mutum yake gani a kansa. Cikin yara 200 da ƙwayar shan inna ta shiga jikinsu, kimanin ɗaya ne ke shanyewa. Uban da ya ce yaransa goma ba a taɓa ɗiga musu ba, kuma ga su nan duk suna gudu da ƙafafunsu, ba ƙarya yake yi ba. Shi lissafin gida yake yi, ku na gari, kuma ranar da kuka nuna masa kun ɗauke shi jahili, kun rasa shi da gidansa.

Wannan ya kawo mu 2003. A shekarar ne jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna, bisa zargin cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Kano ce ta fi daɗewa, sai ƙarshen Yulin 2004 ta dawo, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma ya jawo asara mai yawa: ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiya, a Nijeriya kuma yara fiye da 1,100 suka shanye a 2006 kaɗai. Amma wanda ya tsaya a kan cewa jahilci ne kawai, bai karanta tarihin garin ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum sama da 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara a Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ga kuma tambayar da magidanta suka riƙa yi wa masu ɗigo a ƙofar gida: ɗana yana zazzaɓi na je asibiti an ce in sayo magani, ƙyanda ta kashe na maƙwabcina ba wanda ya leƙo, me ya sa wannan ɗin ne kaɗai kyauta, har ana biyo ni gida da shi?

Al'amarin bai juya ba sai da aka koma aka nemi amanar mutane. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya, aikin ya bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Malamai suka shigo, kuma ba su rasa hujja ba, don tarihin Musulunci ya san Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, bai kuwa ɗauki hakan ja da ƙaddara ba. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a suna da biki, su shiga gida su yi magana da uwa. Waɗanda shan inna ya shanye su da kansu suka riƙa fita a kekunansu suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Aka riƙa kafa sansanin lafiya a unguwa, a duba zazzaɓi da gudawa da hawan jini kyauta, sannan a ɗiga. Wato sai da aka amsa wa magidancin nan tambayarsa. Ba a samu wannan a ɓagas ba. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi aƙalla tara a Kano, kusan dukkansu mata, Allah Ya jiƙansu. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ɗigon bai ƙare ba, domin akwai wani nau'i da ke rikiɗowa daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin maganin, a wuraren da yara ƙalilan ne aka yi wa rigakafi, kuma ya kamata ku iya bayyana wa uba wannan ba ɓoye-ɓoye.

Na zo kan abin da ya fi damuna. Ku saurari rahoton kowane taron lafiya a rediyo, za ku ji an rufe da kira ga jama'a, da alkawarin za a ƙara wayar da kai. Wayar da kai aiki ne mai kyau, amma yanki ne kawai na bunƙasa lafiya, kuma shi ne yankin da ya fi wa gwamnati araha. In an ce matsalar rashin wayewa ce, laifi ya koma kan talaka, hukuma kuma ta wanke kanta da kuɗin fosta da lasifika. Matar da kuke gaya wa ta riƙa wanke hannu da sabulu ta sani sarai. Jarka take saye wajen 'yan garuwa, kuma kullum lissafi take yi tsakanin wanki da girki.

A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ji labarin yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara: amai, jijjiga, suma, sai mutuwa. An yi musu maganin zazzaɓi, bai yi ba. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce, a wasu yaran har ta wuce iyakar abin da na'urar gwajin ke iya karantawa. Farashin zinariya ne ya tashi a duniya, mutanen Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega suka koma haƙo duwatsu, duwatsun yankin kuwa cike suke da dalma. A cikin gida ake dakawa, a injin niƙan hatsi ake niƙawa, a tsakar gida ake shanyawa, inda jarirai ke rarrafe suna kai ƙasa baki. Yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai suka ɗauki gubar. To a ce ku aka tura, me za ku ce a lasifika? Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jiki, amma in yaro ya samu sauƙi ya koma tsakar gidan nan, zai sake sha. Dole sai da aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje da lunguna aka kwashe, aka zuba sabuwa, kuma Bagega sai 2013 aka yi mata haka saboda jinkirin sakin kuɗi. Hana haƙar kuwa bai yi tasiri ba, don abin da mutum ke samu a dutse ya fi na gero nesa ba kusa ba. Abin da ya fi amfani shi ne fitar da niƙa daga cikin gari, da jiƙa dutse don kada ƙura ta tashi, da wanka da sauya tufafi kafin a koma gida. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Sanadin mutuwar yaran dalma ce. Sanadin dalmar kuwa talauci ne, da farashin zinariya a kasuwannin da mutumin Dareta bai taɓa gani ba, da rashin mai duba yadda ake haƙar ma'adinai. Wannan ne ake kira sanadin sanadi, wato abubuwan zamantakewa masu yanke wa mutum lafiyarsa: inda aka haife shi, abin da yake ci, sana'arsa, karatun mahaifiyarsa, nisan gidansu da titi. Taron da aka yi a Ottawa ta Kanada a Nuwamban 1986, wanda daga gare shi bunƙasa lafiya ta zama fanni mai cin gashin kansa, ya ɗauki manufar a matsayin ba mutane iko a kan abubuwan da ke shafar lafiyarsu. Ya zayyana fagen aiki biyar, koya wa mutum dabarun kula da kansa ɗaya ne kawai a ciki. Sauran su ne dokoki da manufofin gwamnati, gyaran muhalli, ƙarfafa al'umma ta yi da kanta, da karkato asibitoci zuwa rigakafi. A jerin abubuwan da ya ce sai da su lafiya ke samuwa, zaman lafiya ya sa a farko, kuma mutumin Borno ko Zamfara ba ya bukatar a yi masa sharhi a kai. Misalin doka kuwa yana cikin miyarku. Tun farkon shekarun 1990 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Maƙoƙo ya ragu ƙwarai, ba tare da an tara mata a ƙofar mai unguwa an yi musu lacca ba.

Daidaito da adalci ma ba abu ɗaya ba ne. In kuka raba wa kowace gunduma ma'aikata biyu da babur ɗaya, kun yi daidaito. Amma gundumar cikin gari mai asibitin kuɗi a kowane layi, da wadda sai an ƙetare gulbi kafin a kai rugagenta, bukatarsu ba ɗaya ba ce, adalci shi ne ta biyun ta fi samu. Wani likita a Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya nuna a 1971 cewa kulawa mai kyau takan fi ƙaranci a inda aka fi bukatarta, kuma abin ya fi tsanani inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Neman gyara wannan ne ya tara ƙasashe 134 a Alma-Ata a 1978, suka amince da kiwon lafiya matakin farko, da burin lafiya ga kowa nan da shekarar 2000. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dasa tsarin a ƙananan hukumomin Nijeriya, kuma irin aikin da ake horar da ku a kai a zamaninsa ya samu gindin zama. Shekarar 2000 ta zo ta wuce. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kaiwa ba, kuma har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fitowa. Maƙwabtanmu na Nijar, da ba su kai mu kuɗi ba, sun gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, suka mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, suka raba gidan sauro. Mutuwar yaran ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Tsarin ya sha fama da bashin da gwamnati ta kasa biyan asibitoci a kan lokaci, amma saukar adadin ba a musunta.

Na ƙarshe shi ne sa ido, wanda ku za ku fi sani da fom ɗin mako-mako da kowa ke gudu. Ma'anarsa tattara bayanan cuta ba fashi, a tantance su, a miƙa wa wanda zai ɗauki mataki. A aikin shan inna, duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana ɗaukar bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, a kai ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri cikin akwatin sanyi. Yawancinsu ba shan inna ba ne, kuma an san haka. Akwai wasu cututtuka da ke sakar da gaɓa, ana kuma sa ran samun aƙalla yara biyu irin haka cikin kowane 100,000 a shekara ko da babu shan inna sam. Saboda haka ƙaramar hukumar da ta shekara ba ta kawo ko ɗaya ba, ba yaba mata ake yi ba, tuhumarta ake yi da rashin dubawa. Nijeriya ta yi shekara biyu daga Yulin 2014 ba a ga ƙwayar ta asali ba, har aka cire ta daga jerin ƙasashen da cutar ke zaune a 2015. A Agustan 2016 sai ga yara sun shanye a Gwoza da Jere a jihar Borno. Da aka binciki ƙwayar, aka ga dangin wadda aka gani a Borno a 2011 ce. Shekara biyar ta yi tana yawo a garuruwan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga, babu mai ɗaukar samfuri, babu mai cika fom.

Don haka in an tura ku asibitin ƙauye, mako ya ƙare ba ku ga kwalara ko ƙyanda ko sanƙarau ba, ku rubuta sifiri ku aika wa jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, don ya san an duba ba a gani ba. In kuka bar gurbin fayau, ba zai iya bambance ku da asibitin da aka kulle ba. In kuma kun ga mutum ɗaya da kuke zargin kwalara ce ko zazzaɓin Lassa, kada ku jira ƙarshen mako, ku buga waya a ranar.

Malam shugaban taro, na ga ka fara duban agogo. Sauran lokacin na masu tambaya ne.